Shekarun da x ya tare mini hanya

Ina ajin farko na sakandare ciwo ya kwantar da ni. Zazzaɓi ne ya fara, daga baya ya rikiɗe har aka ba ni gado a asibiti, kuma ko da aka sallame ni ƙafafuna ba sa ɗaukata. Kafin in koma makaranta zango guda ya wuce ɗungurungum. Iyayena suna ta godiya ga Allah da na tashi, ni ma haka, kuma a cikinmu babu wanda ya tsaya tambayar abin da aka koyar a bayan idona. A zangon nan ne aka fara aljabara.

Kafin ciwon, ni ne yaron da ake nunawa a lissafi. Tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa duk da ka nake yin su, sau da yawa tun malam bai ajiye alli ba. Da na dawo sai na tarar allo cike da haruffa. An rubuta 2x + 6 = 14, 'yan aji suna amsawa baki ɗaya, ni kuwa ina ta raba ido. Abin haushin, da ka na san amsar 4 ce, tunda biyu sau huɗu takwas ne, a ƙara shida a sami sha huɗu. Amma malam ya ce amsa tsura ba ta da maki sai an nuna hanya, kuma hanyar ce aka koyar ina kwance.

Abokin zamana a benci ya ba ni iya abin da yake da shi. Ya ce, "Abu ne mai sauƙi. Duk lambar da ta tsallaka alamar daidai sai ta canza alama. Tarawa ta koma ɗebewa, ɗebewa ta koma tarawa." Na haddace, kuma a ranar ta yi aiki: shida ta tsallaka ta zama ta ɗebewa, aka bar 2x = 8. Na tambaye shi biyun nan fa? Ya ce ita ƙasa take zuwa. Na ce me ya sa ita ba ta canza alama ba? Ya ɗaga kafaɗa ya ce haka malam ya yi.

Daga nan na fara tafiya a duhu. Idan na ga 3x = 12, wata rana in rubuta 12 − 3 in sami 9, wata rana in raba 12 da −3, tunda ai ukun ta tsallaka. Idan na fara da biyun a cikin 2x + 6 = 14, sai in tura ta ƙarƙashin sha huɗu kaɗai, in sami x + 6 = 7, in rubuta x = 1 hankalina kwance. Littafi ya dawo da jan biro, babu bayani. Ajinmu cike yake maƙil, malam kuma yana tseren gama manhaja, ba shi da lokacin tsayawa kan mutum ɗaya. Ni kuma yaron da aka sani da ƙoƙari, bakina ya yi nauyin cewa ban gane ba. Duk wanda aka taɓa yaba wa a gaban jama'a ya san wannan nauyin.

Aljabara ba ta jiran kowa. A kan ikweshin mai harafi ɗaya, wato tambaya irin 2x + 6 = 14, aka ɗora mai haruffa biyu, aka ɗora mai x sau x, sannan fiziks da kemistiri suka zo suna tambayar abin da na bari a baya. Na tashi daga bencin gaba na koma tsakiya, daga tsakiya na koma baya. A hankali na yarda da maganar da ake yawan yi, wai lissafi baiwa ce, wasu an ba su wasu ba a ba su ba. Har na ƙulla wa kaina bayani, na ce zazzaɓin nan ne ya taɓa mini ƙwaƙwalwa. Na daɗe ina riƙe da wannan a zuci ban faɗa wa kowa ba, kuma shi ya fi komai karya mini gwiwa, domin wanda ya ɗauka kansa ne ya lalace ba ya neman malami.

Da sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, na ci sauran darussa, lissafi ya kayar da ni. Baba ya daɗe yana duban takardar, sannan ya miƙo mini ya ce, "Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri." Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Burina tun ina ƙarami in karanta injiniyan lantarki, kuma babu makarantar da za ta dube ni ba tare da lissafi ba. Na sake zama jarrabawar, na kuma sakewa, kowane karo da sabuwar hadda a kan tsohon rami. Abokaina suka sami gurbin karatu ɗaya bayan ɗaya. Lokacin hutu idan na hango su sai in sauya hanya, ba don sun yi mini komai ba, sai don tambayar nan da ba ta da mugun nufi: "Kai fa, ina ka samu?"

Daga ƙarshe na ajiye maganar karatu na kama koyon gyaran kayan lantarki a hannun wani dattijo. Hannuna ya faɗa da wuri. Na iya bin layin wuta a kan allon rediyo, na iya gane kafasitar da ta kumbura, na iya liƙa dalma tsaf. Maigidana yana da wani tsohon littafi da ya cika da lambobi: batir kaza, ƙwan fitila kaza, sa rizista, wato ɗan abin da ke rage wutar da ke wucewa, mai lamba kaza. Muddin aikin yana cikin littafin, ni gwani ne. Ranar da aka kawo abin da ba ya ciki, sai in koma kintace, in sa wannan ƙwai ya ƙone, in sa wancan haske ya dushe. Shekaru suka tafi a haka, na yi aure, na sami 'ya'ya, ana kirana injiniya ina amsawa, zuciyata kuma ta san ba haka ba ne.

Abin da ya tayar da tsohon miki shi ne wani aikin haɗa wutar sola da aka nemi masu takardar difloma. Waɗanda aka ɗauka, wasunsu ni na koya musu riƙon abin liƙa dalma. Na koma gida na kwana ina juyi. Ƙanwata, wadda nake riƙe wa hannu in kai ta firamare, a lokacin lissafi take karantawa a kwalejin ilimi. Na san ita ce mafi kusa da za ta iya taimakona, kuma ita ce wadda na fi jin kunyar tambaya. Na daɗe ina ɗaga maganar. Ranar da na iya furtawa, ban ko dube ta ba, na ce ina so in sake zama jarrabawa ko za ta riƙa duba mini aiki. Ba ta nuna mamaki ba, kuma har gobe ina gode mata a kan haka. Cewa kawai ta yi, "To Yaya, yaushe za mu fara?"

Zaman farko ta rubuta 2x + 6 = 14, wannan dai da ta fara kayar da ni. Na ɗauki biro zan tsallakar da shida, sai ta ce, "Yaya, ajiye biron. Faɗa mini da baki abin da aka rubuta, yadda za ka gaya wa Umma ta gane." Na yi shiru, sannan na ce akwai wata lamba, an ninka ta biyu, an ƙara mata shida, sai ta zama sha huɗu. Ta ce, "To a cikin maganar nan wa ya tsallaka ina?" Na rasa amsa. Ta ce babu abin da ke tsallakawa. Alamar daidai cewa take yi abin da ke hagu da abin da ke dama lamba ɗaya ce, an dai rubuta ta iri biyu. Idan ka cire shida a hagu ka bar dama yadda take, maganar ta zama ƙarya. Idan ka cire shida a duka biyun, tana nan gaskiya: 2x = 8. Ka raba duka biyun gida biyu, x = 4. Shidan da na yi shekaru ina gani tana "canza alama", ashe cire ta ake yi a ɓangarori biyu, a hagu ta ɓace, a dama a ga sawunta. Biyun da ke "zuwa ƙasa" kuma rabawa ce aka yi wa kowane ɓangare.

Sai ta mayar da ni kan x + 6 = 7 da na saba samu. Ta ce fara rabawa da biyu ba laifi ba ne, amma rabawar sai ta shafi duk abin da ke hagun, har da shidan, a sami x + 3 = 7, amsa ta sake fitowa 4. A wurin na zauna ina duban takardar, raina ya ɓaci ƙwarai. Ba da ita nake fushi ba, ba kuma da wani mutum takamaimai ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne bayanin da bai kai zaman shan iska ba shi ne ya raba ni da burina tun ina yaro.

Tambaya ta gaba ita ce da me ake farawa idan matakan suna da yawa. Wannan ni na gano ta da kaina, daga sana'ata. Idan zan kwance rediyo, murfin da aka ɗaura a ƙarshe shi nake fara cirewa, abin da aka fara dasawa shi ne na ƙarshen fita. A cikin 2x + 6, an fara ninka lambar sannan aka ƙara shida, don haka shidan ce a waje, ita ake fara cirewa. Na faɗa mata haka, ta yi dariya ta ce za ta ara ta kai wa ɗalibanta.

Amma abin da ya fi sauya ni a duk zaman da muka yi shi ne gwada amsa. Ta ba ni 3(x − 4) + 5 = 2x + 7. Na buɗe baka, wato alamar ( ) da ta kewaye x − 4, uku ta ninka duk abin da ke ciki, na sami 3x − 12 + 5. Na haɗa lambobin suka zama 3x − 7 = 2x + 7. Na cire 2x a ɓangarorin biyu, saura x − 7 = 7, na ƙara bakwai a kowanne, x = 14. Na ɗago na tambaye ta ko daidai ne. Ta ce, "Ba ni zan gaya maka ba, Yaya. Mayar da ita inda ta fito." Na sa 14 a gurbin x. A hagu, sha huɗu a cire huɗu saura goma, sau uku talatin, a ƙara biyar 35. A dama, ashirin da takwas a ƙara bakwai 35. Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Tun ina ajin farko nake jiran wani ya yanke mini hukunci da jan biro, ban taɓa sanin cewa tambayar da kanta tana iya gaya mini gaskiya ba. Daga ranar na daina tsoron kuskure, domin kuskuren da zan iya kamawa da kaina kafin in miƙa takarda ba abin tsoro ba ne.

Alamar ɗebewa a gaban baka ta ba ni wuya fiye da komai. A cikin 10 − 2(x − 3) = 4, hannuna ya saba rubuta 10 − 2x − 6, ita kuma ta dage sai + 6. Ba ta ce in haddace ba, lambobi ta sa na gwada. Goma a cire abin da ke cikin (5 − 3), wato a cire biyu, saura takwas. Idan aka buɗe bakan aka rubuta 10 − 5 − 3 sai a sami biyu, idan aka rubuta 10 − 5 + 3 sai a sami takwas. Dalilin a fili yake: wanda ya cire biyar ya cire fiye da abin da aka ce, sai ya mayar da ukun. Da haka tambayar ta zama 16 − 2x = 4, x = 6. Ta kuma nuna mini ana iya bi ta wata hanyar ba tare da an buɗe bakan ba: a cire goma a ɓangarorin biyu, a raba su da −2, a sami x − 3 = 3. Hanya biyu, amsa ɗaya. Ni da na ɗauka akwai wani tsari guda tilo da malamai suka ɓoye mini.

Masu lamba a sama da ƙasa ba su ɗauke mu lokaci ba. Idan aka ce rabin x da sulusin x sun haɗu sun ba da goma, sai a ninka komai da shida, a sami 3x + 2x = 60, x = 12. Waɗanda suka ba ni mamaki su ne masu ƙarewa babu x. A cikin 2x + 3 = 2x + 5, ana cire 2x sai a bar 3 = 5, ƙarya tsagwaronta, ma'ana babu lambar da za ta dace. A cikin 2(x + 3) = 2x + 6 kuma sai a ƙare da 6 = 6, ma'ana kowace lamba ta dace. A da, idan na ga haka sai in goge komai in ce na ɓata. Ta kuma gargaɗe ni kan raba ɓangarori da x kansa: a cikin 5x = 3x, wanda ya raba da x zai ga 5 = 3 ya ce babu amsa, alhali amsar sifili ce, kuma ba a rabawa da sifili.

Wani dare da na gaji na ce mata waɗanda suka ƙirƙiro haruffan nan sun wahalar da mutane. Sai ta ba ni labarin da ya kwantar mini da hankali fiye da yadda ta zata. Muhammad ɗan Musa Alkawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, bai yi amfani da x ko wata alama ba. Da zance ya rubuta tambayoyinsa da hanyoyin warware su. Alamar daidai da muke gani yau sai a 1557 wani likita a Birtaniya, Robert Recorde, ya fito da ita, don ya gaji da maimaita kalmomin. Al'adar sa x da y da z a gurbin abin da ba a sani ba kuma daga René Descartes na Faransa ta bazu, a 1637. Wato mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna warware irin tambayoyin nan da hankali da magana kafin a taƙaita su da alamomi. A ganina an juya wa yara tarihin ne: ana fara ba su taƙaitawar, maganar da aka taƙaita kuma a bar ta sai wanda Allah Ya haɗa da mai haƙuri.

Ba ni da wata gaba da dokar tsallakawa a yau. Ni ma ina amfani da ita idan ina sauri, kuma ga wanda ya san abin da ke ƙarƙashinta gajeriyar hanya ce mai kyau. Illarta tana kan wanda aka ba shi ita kaɗai, domin ranar da ta ƙi aiki ba shi da abin da zai koma gare shi. Kuma ga iyaye da malamai, yaron da ya yi fashin makonni saboda ciwo ko wani dalili, a zauna da shi a duba ainihin abin da ya wuce shi a lissafi. Wasu darussan ana iya shiga daga tsakiya a kama, aljabara kuwa kowane mataki a kan na baya yake zaune. Yaron ba zai faɗa ba, musamman idan an san shi da ƙoƙari.

Ranar da na fara ganin amfanin abin a bakin aiki, ƙwan LED ja ne za a haɗa da batir mai bolt 12. Irin ƙwan nan yana cin kusan bolt 2, kuma ana so wutar da ke ratsa shi ta tsaya wajen amfiya 0.02. Dokar da Georg Ohm na Jamus ya wallafa a 1827 ta ce bolt ɗin da ke kan rizista shi ne wutar da ke ratsa ta sau ƙarfin tarewarta. Na rubuta 12 = 2 + 0.02R a bayan wani kwali, inda R ke nufin ƙarfin tarewar rizistar, wanda ake aunawa da om. Na cire biyu a kowane ɓangare, 10 = 0.02R, na raba, R = 500. Mai om 500 cif ba kasafai ake samunta ba, sai a ɗauki mai 510 ko 560. Na buɗe littafin maigidana, na ga abin da ya rubuta wa batir mai bolt 12 yana nan kusa da haka. Sai na gwada abin da babu a littafin, ƙwai uku a jere: 12 = 3(2) + 0.02R, amsa 300. Na sa mai 330, na haɗa, suka kama da haske mai kyau, babu wanda ya ƙone. Maigida ya leƙo kwalin ya ce, "Wa ya koya maka wannan?" Na ce ƙanwata. Ya ce, "Allah Ya yi mata albarka. Rubuta mini shi a littafin."

Na zauna jarrabawar tare da yaran da na kusa haifa. Duk tambayar da ke da ikweshin sai da na mayar da amsarta na gwada kafin in wuce, har lokaci ya kusa ƙure mini. Na ci. Baba bai ga wannan sakamakon ba, ya rasu kafin nan, Allah Ya jiƙansa. Umma na kai wa takardar, ta riƙe ta tana kuka tana sa albarka, ni kuma na fita waje don kada 'ya'yana su ga fuskata.

Yanzu ina karatun difloma a fannin lantarki da yamma, bayan na tashi daga aiki. Ni ne mafi shekaru a ajin, har wasu malaman na girme su. Shekarun da suka tafi ba za su dawo ba, kuma akwai ranakun da nake lissafa inda da na kai, raina ya sosu. A zangon nan muna kan dokokin da'irar wuta da masanin kimiyya Kirchhoff ya fitar a 1845, inda da'irar wuta mai madauki biyu ke ba da ikweshin biyu masu haruffa biyu. Idan ka fitar da harafi ɗaya daga ta farko ka sa shi a ta biyu, sai ka koma kan mai harafi ɗaya, ka buɗe baka, ka haɗa masu kama da juna, ka yi wa ɓangarorin biyu abu ɗaya. Yaran ajin sun fi ni sauri nesa ba kusa ba, amma idan amsoshinsu suka saɓa wurina suke zuwa, don sun san ni ne mai gwadawa.

Zango mai zuwa za mu shiga lissafin wutar da ke kai da komo, wadda ake cewa AC, kuma an ce a can akwai wata lamba da idan aka ninka ta da kanta sai ta ba da −1. Na karɓi littafin ƙanwata na fara dubawa, shafin farko bai shiga kaina ba tukuna. Na kira ta na gaya mata, ta ce in zo ranar Asabar da takarda da biro.